Kujera Ɗaya Tilo

Sunansa Tilo.
Ranar da ubansa ya faɗa mini a bakin garejina a Sharaɗa
na yi dariya har sifana ta suɓuce daga hannuna.
Na ce, Bature, ka san abin da ka raɗa masa kuwa?
Ya ce sunan kakansa ne, can Jamus.
Na ce to, a Kano mai wannan suna ba shi da na biyu.

Uban injiniya ne a kamfanin jima,
kullum yana warin fata da kofi.
Yaron shekararsa bakwai, gashi kamar gezar masara.
Ba ruwansa da ƙwallo.
Sai ya tsuguna gefena yana ƙirga noti,
bakin mai har bayan kunne.

Ni na haɗa masa motarsa ta farko:
injin ban-ruwa da wani manomin Kura ya yasar,
tayoyin Basfa huɗu daga Ƙofar Ruwa,
sarƙar babur, ƙarfen tsohon gado,
kujerar roba da na yanke wa ƙafafu.
Birki kuwa, sai addu'a.

Bayan katangar kamfani muka jera tayoyi,
kwana uku da miƙe ɗaya.
Abu biyu kaɗai na koya masa:
kar ka kalli kwanar, kalli mafita,
kuma kunne yana riga ido sanin ciwon inji.

Yana da sha ɗaya suka koma gida.

Sauran labarin a wayar Nafi'u na gani,
yarona mai tsagaggen gilashi.
Mota siririya kamar kifi, tayoyi a waje,
mutum kwance ciki, kai kaɗai ke leƙowa,
babu gefen mai zaman banza,
babu inda za a ɗora ko buhun albasa.
Nafi'u ya ce, Oga Sallau, wannan ajin ƙanana ne,
matakala ce, manyan suna can sama.

Shekarar farko ya ƙare na goma sha huɗu.
Ta biyu, na tara.
Sau biyu ya daki bango,
sau biyu na tashi tsaye na bar shayina ya huce.
Wata Lahadi ana sheƙa ruwa a garinsu,
duk suna juyi kamar ƙwarya a tafki,
shi ya ratsa su a hankali, yana sauraro,
ya zo na uku.
Na saya wa duk layinmu tsire.
Mai faci ya ce, ɗanka ne?
Na ce, kunnensa dai nawa ne.

Sai bara, bayan Sallah, muryarsa ta shigo,
Hausarsa ta yi tsatsa amma tana tashi:
Baba Sallau, kujera ta tafi.
Kamfanin da ke biya ya janye,
wani yaro ya zo da kuɗin ubansa.
Sun ce sha tara tsufa ne.

Sha tara!
Ina sha tara ko giya ta biyu ban shiga ba.

Ban san me ake faɗa wa wanda ya yi sauri
aka ce ya makara ba.
Na ce Nafi'u ya danna, na matso da baki:
Tilo, mota kan mutu, direba ba ya mutuwa da ita.
Kalli mafita.

Yanzu, in ji shi, yana gwada wa wasu motoci,
yana gaya musu inda inji ke tari.
Bai ce yana jin daɗi ba. Ban tambaya ba.

Ta farkon tana nan rataye a rufin gareji,
gizo-gizo ya yi mata labule.
Jiya 'yar Nafi'u, Ramlatu, ta ɗaga kai ta ce,
wannan ta wace ce?
Na ce ta mutum ɗaya ce.
Ta ce, ai ni ɗaya ce.

Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa neman birki.