Almakashi

Cikin 'yan tsaki tara da wake-waken kazata ta ƙyanƙyashe
a bayan rumbu, daren da ruwa ya rushe katangar makaranta,
ɗaya ta fito da baki a gicciye:
na sama ya nufi hanyar Gombe,
na ƙasa ya ce shi Billiri za shi.
Mu kuwa muna Kumo, a tsakiya.

Ni tela ne.
Na san almakashin da ƙusarsa ta kwance,
yana buɗewa, yana rufewa, ƙyalle na masa dariya.
Sunan da na raɗa mata ke nan.

'Yan'uwanta na cin tsaki, suna kumbura,
ita tana saran ƙasa, ƙwaya na tsalle gefe,
ɗinki dai da allurar da ba zare.
Da yamma in na shafa gindin wuyanta
sai in ji aljihu wayam.

Jauro Manu ya leƙo ta kan danga:
"Malam Hashimu, baki ke yanka wuya.
Wannan ba za ta ga kaka ba, kar ka ɓata dusarka."
Na ce to.
Amma dusar tawa ce.

Faranti bai yi ba, ba shi da zurfi.
Murfin kwano, ta taka shi ya kife.
Sai gwangwanin madara:
na danne bakinsa da guduma kada ya yanke ta,
na binne gindinsa a ƙasa kada ya gudu,
ta tsoma kai har ido, ta kwaso kamar ludayi.

Dusar masara, ƙuliƙuli dakakke,
gwaiduwar dafaffen ƙwai, garin zogale ɗan yatsa uku,
ran da Hajjo ta samo gara a tsohon kara
sai a murje a zuba.
Ranar farko na cika ruwa,
ya fito mata ta hanci, tana atishawa, ina salati.
Ta biyu ya yi tauri, ya manne mata a ganda
sai da na sa gashin fiffike na sakato.
Barira ta karɓe muciyar daga hannuna:
"Kai ka san awon wando.
Wannan kaurin kunun da ya kwana ake so."

Sau huɗu a yini, ƙarƙashin kwando, ita kaɗai,
zakara na zagaye yana ƙorafi.
Abin da ta watsar
wani jan gwada ya mai da shi albashi.

An ce kaza ci ki goge baki.
Tawa ba ta iya ba.
Ni ke goge mata, da guntun atamfar wata amarya
da aka kai tun bara.
Duk Juma'a, kafin in yi wanka,
Hajjo ta naɗe ta a zane kamar jinjira,
in goga tsinin bakin da abin gyaran farce,
kaɗan-kaɗan, kada in kai inda jini yake.

Wata bakwai.
Jiya na ɗaga buhun ƙyallaye a shago
sai ga ƙwai, ɗan ƙarami, da ɗuminsa.
Na juya shi, na sake juyawa,
ba inda ya karkace.

Jauro ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka.
Ban musa ba.
Ƙwan dai yana aljihun keke, tsakanin ƙoshiya da alli,
ita kuma ga ta a bakin ƙofa,
ta karkato kai, tana duban gwangwani.