Balbela Ta Koma Ruwa

Shekara talatin da ɗaya tana jingine
a bayan sito, gindin giginya,
kaji na ƙwai a ɗakin matuƙi,
gara ta cinye rabin bene,
yara na ce mata Ƙwarangwal.
Duk Goronyo ni kaɗai ke riƙe da sunanta.

Balbela.
Haka Alhaji Tsalha mai fatu ya raɗa mata
ran da tirela ta sauke ta bakin madatsa,
fara ƙal, da jan zare a ƙugu.
Tun lokacin ba yarinya ba ce,
ta sha gishirin teku kafin ta ɗanɗani Rima.
Fatar jar akuya nawa ta ci? Allah masani.

Ina ɗan tara. Aikina goge tagulla
da toka da lemun tsami,
ladana sule da ragowar shayi.
Cikinta maɗaci ne mai sheƙi,
ka duba bango ka ga haƙoranka.
In ta taso, Sarkawa kan janye taru,
su riƙe kwalekwale da hannu biyu,
suna zagi suna dariya.

Sai Alhaji ya kwanta dama.
An raba gona, an raba shanu, an raba sito,
jirgi kuwa ba ya rabuwa gida bakwai.
Kowa ya ce na kowa ne,
rana da ruwa suka gaje ta.

Na sayar da albasar shekara biyu na saye ta.
Sahabi makanike ya zagaya sau ɗaya,
ya soka yatsa, yatsa ya wuce.
Ya ce, “Labbo, wanga ba jirgi na ba, kabari na.”
Washegari ya zo da sifana.

Mun ciro inji kamar mai ciro ƙaya,
tsatsa ta haɗe fistin da gidansa,
wata uku yana shan baƙin mai kafin ya saki.
Farfela ta lanƙwashe,
wani tsoho a Maƙera ya miƙe ta,
bai karɓi ko kwabo ba,
ya ce shi dai a kai shi ya ga tana juyawa.
Dukawa suka ɗinka kujeru da jar fata,
irin wadda ta saye ta tun farko.
Kusa dubu huɗu na ƙirga, na bar ƙirga.

Ƙarƙashin sitiyari na tarar da zane:
kifi mai ƙafa huɗu, aikin ƙusa,
aikin wani ɗan tara da ya sha mari a kansa.
Nan kaɗai fenti bai taɓa ba.

Ranar Laraba, bayan la'asar,
mutum arba'in suka tura ta bisa gungume.
Ta yi tari. Ta yi shiru.
Ta sake tari, ta tofar da hayaƙi,
sannan muryar nan ta dawo,
mai kauri, daga can cikin ƙirji.
Sahabi ya juya baya, wai ƙura ta shiga idonsa.
A tsakiyar ruwa.

Yanzu haya take. Awa guda, kaza.
Angwaye, ɗalibai, ma'aikata ran Asabar,
su ɗau hoto, su zubar da lemo a kujera,
su ce, “Baba, sabuwa ce?”

Katako goma sha bakwai ne kawai nata na asali.
Sahabi ya ce ashe wata ce muka ƙera.
Na ce ni ma haƙora nawa suka rage min,
kuma in an kira Labbo ina amsawa.

In baƙi sun watse nakan kashe inji,
in bar ta ta yi yadda ta so.
Kullum sai ta juya hanci yamma, wajen teku.
Ban taɓa gani ba. Ba na hana ta.