Sifirin Hagu

Kaka ta ƙarato, tumaki na can bisa tsauni,
kogin da ke gangarowa daga ƙanƙara ya cika ya batse,
motar babana kuwa ta tsufa,
cikinta na shafar duwatsu in za ta haye.

Na kai ta garejin Hrafnkell a Egilsstadir,
iska na dukan ƙofar kwano.
Na ce, ɗaga min ita, santimita goma.
Ya leƙo ni ta saman tabarau:
"Steinunn, mota kike so ko tsani?
Biyar ya ishe ki. Me take ɗauka?"

Na shiga lissafi da yatsu:
bamba ta ƙarfe, injin jan igiya a gaba,
dammunan ciyawa shida, karnuka biyu,
wani lokaci rago mai taurin kai da ya karye a kwazazzabo.
Yana rubutawa a bayan kwalin tace mai,
fensir na ƙara kamar ɓera.

"Sifirin mai tauri ba jarumi ba ne," in ji shi,
"ran da ba kaya, haƙoranki za su faɗa miki.
Mai laushi kuma a tsakiyar ruwa zai durƙusa.
Shi dai ɗauka ya iya;
shoka ce ke ba shi haƙuri.
Sai mun auna ta a miƙe, mu auna ta a naɗe:
gajera ta tsinke a rami,
doguwa ta daki kanta a tudu."

Ya miƙo min tef.
Daga cibiyar taya zuwa leɓen jiki.
Dama, hamsin da biyu.
Hagu, hamsin cif.
Na sake ja, na ce ko hannuna ke rawa.
Hrafnkell ya goge giris a wando,
ya daɗe bai ce komai ba.
"Bergsveinn ba ƙaramin mutum ba ne.
Shekara ashirin da shida a kujera ɗaya."

Ashe nan yake.
Na neme shi a aljihun riga, a akwatin ƙugiyoyi,
a warin taba da ya bar ɗaki tun bara,
ashe yana nan cikin ƙarfe,
santimita biyu na zaman jiran hazo ya yaye,
kofi a gwiwa, rediyo na faɗin yanayin teku.

Muka sa jak, aksul ya sauko.
"Janye fuskarki,
sifirin da aka matse ya fi doki harbi."
Tsohon ya fito da tsatsa da gishirin hanya,
sabon ya shiga, baƙi wul, bai san kowa ba.
Muka ƙara wa tiyon birki tsawo
don kada ya tsinke ran da ƙafa ta rataya.
Na ɗauki sifana zan ɗaure noti,
ya riƙe min hannu:
"Ba a ɗaure ta tana lilo.
Bari ta taka ƙasa, ta ji nauyin kanta."

Ta taka.
Dama da hagu, ba bambanci ko na gashi.
Hrafnkell ya yi murmushi, aiki ya yi kyau.
Ni kuwa na juya ina kallon bango.

Ranar Asabar na haye kogin,
ruwa bai taɓa ƙofa ba,
karnuka na haushin kumfa.
Tumaki ɗari da tara suka sauko, saura ɗaya.

Tsohon sifirin na bakin ƙofata,
da shi nake tokare ta in iska ta taso.
Tef kuma na cikin mota.
Duk kaka nakan tsuguna a gefen hagu in ja,
ina jiran ranar da ƙarfen nan
zai fara sanina.