Ganuwar da ke bayan garkenmu

Kakana Aldwin ya taɓa riƙe hannuna
muka hau tudun nan da ke bayan garke.
Ya ce, kada ka ɗauka ruwa ne ya tara shi,
ko iska.
Bayan mutane ne ya ɗauko shi, kwando kwando.

Wani sarkin Saksan, shekara dubu da ɗoriya,
ya miƙa yatsa daga bakin kogi zuwa inda ido ya gaza,
ya ce a haƙa.
Aka haƙa.
Kowane ƙauye ya ba da mazansa,
sha'ir ya nuna a gona babu mai yanka,
shebur na itace, taɓo har gwiwa,
ruwan sama na bin ƙeya yana shiga riga.
Wanda ya faɗi aka ja shi gefe,
na bayansa ya ɗauki kwandon.

Masu karatu sun ce ya yanka wa komai diyya:
haƙori da kuɗinsa, babban yatsa da nasa,
ran bawa daban, ran ɗan gida daban.
Ban ji inda aka rubuta kuɗin ƙugu ba,
ƙugun da ya tanƙware a ramin nan bai ƙara miƙewa ba.

Bara, bayan ƙanƙara ta narke,
zomo ya tono ƙasa a gindin ganuwar,
'yata Elswith ta tsinci azurfa a bakin ramin,
siririya kamar ɓawon albasa.
Ga kan sarki a jiki, hancin ya shafe,
sauran kunne ɗaya da rabin suna.
Muka kai ta gidan tarihi a birni,
suka sa ta a gilashi, suka kunna mata fitila.
Elswith ta ce, Baba, ashe ƙarami ne.

An gina ta ne don a tare mutanen yamma,
masu wani harshe, masu kore shanu da dare.
Yau Gethin, jikan jikokinsu,
shi ke auren ƙanwata.
Yakan tsallako da takalmin roba ya ari tarakta,
ya dawo da ita ba mai,
mu yi ta faɗa a kan ganuwar sarki
har matanmu su kira mu shan shayi.

Amma zan faɗi gaskiya ko don mataccen.
A watan haihuwar tumaki,
idan iskar yamma ta taso da haƙoranta,
nan uwayen ke rakuɓewa, jikin tudun,
'ya'yan na rawar ɗari a ƙarƙashinsu.
Na ƙirga goma sha bakwai bana
da ba don shi ba da safiya ta same su a sandare.

Ban san wa zan gode wa ba,
mai yatsan ko masu kwandon.
Nakan dai cire hula idan na zo wucewa,
kare na kallona, bai gane ba.