Ambulan Ruwan Toka

Shekara talatin da ɗaya na yi kan benci
a bakin gidan waya, nan Jos,
ina ara wa mutane hannuna:
mai neman aiki, mai bin bashi,
tsohuwar da ɗanta ya yi shiru a Ikko.
Da waya ta shiga aljihun kowa
benci ya zama nawa ni da ƙadangaru.

Bara wani yaro mai hular sanyi ya zo,
wai darakta ne, Zailani sunansa.
Ya ce, "Baba, rubutun da muke nema irin na da ne,
mai kwanciya kamar ciyawa bayan ruwa.
Rubuta komai. Kyamara ba za ta leƙa ba."
Ya ajiye dubu biyar da ambulan ruwan toka.

Komai, in ji shi.

Na koma Gangare, na tura ƙyaure,
na rubuta wa Kaneng.
Kaneng mai dankali a Farin Gada,
mai ƙara mini uku a kan kowane kwano
ta ce awonta ne ya lalace.
Shekarar da gari ya tsage gida biyu
ta kwashe zuwa Bukuru, ni na tsaya,
tsakaninmu motar naira hamsin
wadda ban taɓa biya ba.

Fim ya fito. Labarinsa bai da tsawo:
budurwa ta tsinci wasiƙa a buhun kabeji,
ba suna, ba inda ta fito.
Awa biyu tana zargin mazan unguwa,
mai kemis, mai gyaran agogo, malamin lissafi,
can ƙarshe ta hau dutsen Shere ta buɗe,
kyamara ta tsaya kan fuskarta,
takarda ta ba mu baya.

Sai masu sharhi suka wasa wuƙa.
Na jaridar Lahadi ya ce an nuna wa 'yan kallo miya
an yi musu rowar tuwo.
Wata a rediyo, tana magana ta hanci,
ta ce wasiƙar nan ƙasarmu ce,
kowa na riƙe da ita, ba mai iya karantawa.
Wani malamin jami'a ya rantse farar takarda ce,
kuɗin marubuci ne ya ƙare.
Na Abuja ya ba da tauraro biyu cikin biyar,
ya ce ruwan sama ya yi yawa,
sai ka ce Zailani ne ya ɗauko watan Agusta
ya kawo Jos a bayan mota.

Abu ɗaya suka haɗu a kai:
hawayen yarinyar a kan dutse.
Ba na albasa ba ne, in ji su,
to daga ina ta samo shi?

Ni na sani. Ina wurin, ina riƙe mata laima.
An ce ta dubi takarda ta ƙirga goma.
Ta ƙirga uku, idonta ya kama layi,
ta manta da mu.
Zailani ya tafa hannu, ba ta ji ba.
Da ta sauko ta ce, "Baba, tana raye?"
Na ce ban sani ba,
na ji maganar ta fi dutsen nauyi.

Na nemi wasiƙata bayan an tashi,
mai kula da kaya ya ce ta bi buhun kabeji.

Ban yi fushi da masu sharhi ba,
sana'arsu ce, kamar tawa,
su ma hannu suke ara wa wanda bai zo ba.
Sai dai malamin jami'a,
shi kam ina so in haɗu da shi:
shafi huɗu ne, ranka ya daɗe, gaba da baya.

Motar Bukuru ta kai ɗari biyar yanzu.
Jiya na tsaya a Taminus, kwandasta na kira,
na taɓa aljihu, canjin Zailani na nan.
Sanyi ne ya hana ni, ina ji.
Bari mu ga gobe, in rana ta fito.