Saura Shida

Kasuwar Tanah Abang ta ci ta watse,
Wulan ba ta rufe ba.
Fitila mai zobe, waya a kan sanda,
tana ɗaga riga ruwan toka:
"Saura bakwai! Saura shida!"

Can Surabaya, Ratmi
ta ɗauki waya duba lokaci kawai.
Yatsa ya riga tunani.
Ta saya. Ko launin ba ta so.

Darmaji, shekara talatin yana auna yadi,
yau ko tayi bai samu ba.
Ya leƙo: muryar Wulan ta dushe,
kwalaye sun kai mata kafaɗa.

"Da wa kike magana?"
"Mutum dubu huɗu, Baba."
Ya waiga.
Ɓera kaɗai ne a layin.