Daren Talata, Ƙarfe Tara

Daren Talata, in an kashe injin niƙan Yelwa,
babura sun rage kuka a hanyar gada,
nakan ja ƙofa, in kashe ƙwan lantarki,
don yana da wani zuzu da ni kaɗai ke ji a gidanmu,
in jingina waya a jikin tulu.

Mu bakwai ne. Wani makon biyar.
Ba a gaisuwa. Ita ce dokarmu ta fari,
Falmata ta kawo ta daga Kusiri:
babu ina gajiya, babu ina gida,
babu ya yara ga wadda ba ta da ko ɗaya.
Wanda ya shigo ya ɗaga yatsa, ya wadatar.

Ba a neman ido.
Abakar yakan juya wayarsa ga rufin ɗaki,
shekara biyu ke nan, na san fankarsa ta Injamena
fiye da fuskarsa: fiffike uku, ɗaya a lanƙwashe.
Sali ba ya magana da baki, rubutu yake,
a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Muna jira. Ba mai ƙarasa masa zance.

Kafin mu haɗu kowa ya sha suna.
Ina ƙarama ba na duban fuska, aka ce kunya, aka yaba,
na girma ban canza ba, aka ce girman kai.
Tasalla an yi mata hayaƙi damina uku.
Likita a Yawunde ya rubuta otizim da jan biro,
rediyo ya ce galahanga.
A nan sunan yanka muke kiran juna.

A nan na koyi cusa auduga a kunne ƙarƙashin ɗankwali,
da shiga kasuwa kafin masu lasifika su karya kumallo,
da cewa "bari in yi tunani" in tambaya ta zo a guje.
Hamajoɗa yana da minti goma cur na tsuntsayen Binuwai,
zalɓe, dinya, kirinjijiya,
wanne ya iso, wanne ya makara bana.
A gidansu tun a zalɓe ake tashi a bar shi.

Talatar da ta wuce aka yi sunan ɗan ƙanwata.
Guɗa ta shiga haƙorana.
Turare kala uku, hannaye a kafaɗata,
kowace mace tana so in yi dariya yanzu-yanzu.
Na tsuguna bayan randa ina kaɗa jiki
har gwaggo ta same ni:
a gaban baƙi, Lantana? A gaban baƙi?

Ƙarfe tara na ɗaga yatsa, harshe ya ƙi.
Na rubuta: yau babu kalma.
An daɗe. Sannan Sali ya rubuto: to.

Shi ke nan. Muka zauna.
Fanka tana juyi a Injamena.
A Marwa wata akuya ta yi tari sau biyu.
Ina jin allurar Tasalla tana huda yadi, tana fita.
Minti arba'in, na ƙirga,
kuɗin katin kowa yana tsiyaya kamar tulu mai tsaga,
har na Sali, da ke wanke babur biyar
kafin ya haɗa dala ɗari.
Garwa cike take da shiru na kyauta bayan sha biyun dare,
amma ban taɓa samun wanda aka saya mini ba.

Sai wuta ta ɗauke can, fanka ta tsaya.
Cikin duhu Abakar ya ce: ina nan fa.

Na cire audugar kunne ɗaya.
Na rubuta: Hamajoɗa, ina muka tsaya?
Ya ce, a carkin da ke bayan dorina,
ya ɗora daga daidai wurin.